Christopher Plummer: Daga Tantin Stratford Zuwa Oscar Yana da Shekara 82

A watan Nuwamba na 2017 darakta Ridley Scott ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Ya gama fim ɗinsa mai suna All the Money in the World, an tsayar da Disamba a matsayin lokacin fitowarsa, sai ga zarge-zargen lalata sun taso a kan Kevin Spacey, wanda ya fito a matsayin attajirin man fetur J. Paul Getty. Scott ya yanke shawarar da ba a saba ji ba. Zai cire Spacey ɗungurungum, ya sake ɗaukar duk inda ya fito da wani mutum daban, kuma fim ɗin ba zai tsallaka zuwa sabuwar shekara ba. Wanda ya nema wani dattijo ne ɗan Kanada mai shekara 87, Christopher Plummer. Cikin kwana 9 aka ɗauki fitowa 22 a Ingila da Italiya, fim ya shiga sinima ranar Kirsimeti, kuma kafin Janairu ya ƙare sunan Plummer na cikin masu takarar lambar Oscar.

Masu sharhi sun yi ta mamakin yadda tsoho zai haddace zance mai yawa haka a 'yan kwanaki, ya kuma fito da halin mutumin da rowa ta sa ya ƙi biyan kuɗin fansar jikansa da aka sace a birnin Rum a 1973, har masu garkuwar suka yanke wa yaron kunne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya yi a waɗannan kwanaki sana'a ce da ya koya tun yana saurayi, a ƙananan gidajen wasa da ɗakunan rediyo na Kanada, inda ake miƙa wa ɗan wasa takarda yau a ce ya zo da ita a ka gobe.

An haifi Arthur Christopher Orme Plummer a Toronto ranar 13 ga Disamba 1929. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, kuma tun bai yi wayo ba aurensu ya mutu. Mahaifiyarsa, Isabella Mary Abbott, ta koma da shi gidansu a Senneville, wata unguwar masu hali da ke bakin ruwa a gefen Montreal. Gidan manya ne, domin kakanta, Sir John Abbott, shi ne firaministan Kanada na uku, daga 1891 zuwa 1892. Al'adar gidan ita ce a taru da dare a karanta littafi da babbar murya, ɗaya na karatu saura na sauraro. Ga shi kuma Montreal gari ne mai harshe biyu, saboda haka yaron ya tashi da Turanci da Faransanci a bakinsa. Burinsa na farko kiɗan piyano ne. A makarantar sakandaren da ya yi akwai wani ɗalibi da ya girme shi, Oscar Peterson, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen piyano na kiɗan jazz a duniya.

Fim ɗin Henry V na Laurence Olivier, wanda ya fito a 1944, shi ya juya masa akala. Ya shiga wasan kwaikwayo na makaranta, kuma a 1946 wani mai sharhi a jaridar Montreal Gazette, Herbert Whittaker, ya gan shi a wasan Pride and Prejudice, ya ɗauke shi ya ba shi rawar Oedipus a wani wasan marubucin Faransa Jean Cocteau. Bai shiga jami'a ba. A 1948 ya fara wasa na neman abinci a Ottawa, cikin irin ƙungiyoyin nan da ke canja wasa a kai a kai: da dare ana nuna wannan, da rana ana atisayen na gaba, yau kai sarki ne, mako mai zuwa bawa ko tsohon likita.

Ɗaya makarantar tasa ita ce rediyo. Talabijin bai fara aiki a Kanada ba sai 1952, don haka a wancan zamani wasan kwaikwayon rediyo na gidan CBC shi ne abin da iyali ke taruwa su saurara. Plummer ya yi wasa a rediyo da harsunansa biyu. Wanda ke tsaye gaban makirufo ba shi da fuska, ba shi da kayan ado, ba shi da hannun da zai yi nuni da shi. Fushi da tsoro da ƙauna da tsufa, duk sai sun fito ta numfashi da nauyin murya da inda mutum ya yi shiru. Muryar da duniya ta san Plummer da ita, mai kauri, mai fitar da kowane harafi sarai, wadda kan yi laushi sannan ta koma sanyi kamar ƙarfe cikin jimla guda, a nan aka ƙera ta.

Daga nan ya yi aiki a tsibirin Bermuda a 1952, ya wuce New York. Wasansa na farko a Broadway, The Starcross Story, dare ɗaya ya yi aka rufe shi. A 1955 ya samu wanda ya karɓu, The Lark, labarin Jeanne d'Arc, tare da Julie Harris.

Amma gida ne ya fito da shi sosai. Stratford ƙaramin gari ne a lardin Ontario, wanda abincinsa ya dogara da gyaran kawunan jiragen ƙasa masu aiki da tururi, kuma wannan sana'a ta kama hanyar mutuwa. Wani ɗan jarida ɗan garin, Tom Patterson, ya ce tun da sunan garinsu ɗaya da na mahaifar Shakespeare a Ingila, har da kogi mai suna Avon, me zai hana su kafa bikin wasanninsa? Ya shawo kan shahararren darakta Tyrone Guthrie, kuma ranar 13 ga Yuli 1953 Alec Guinness ya buɗe bikin da wasan Richard III a cikin wani ƙaton tanti. Dandamalin da Tanya Moiseiwitsch ta zana ya kutsa cikin 'yan kallo, sun kewaye shi ta ɓangare uku, ba labule, ba bangon da ɗan wasa zai jingina. Idan ruwan sama ya sauko yana dukan tantin, ko jirgi ya yi kuka a tasha, sai mai murya ya iya kai zancensa kujerar ƙarshe.

A wannan tanti Plummer ya fito a 1956, yana da shekara 26, a matsayin Sarki Henry na Biyar, rawar da ta ja shi cikin sana'ar tun farko. Sabon shugaban bikin, Michael Langham, ya yi wata dabara da ta dace da ƙasar. Wasan labarin yaƙin Ingila da Faransa ne a Agincourt a 1415, sai ya ɗauko 'yan wasa masu magana da Faransanci daga Quebec, irin su Jean Gascon da Gratien Gélinas, ya ba su ɓangaren Faransawa. Ga Kanada ta lokacin, inda masu harsunan biyu ba kasafai suke haɗuwa a dandamali ɗaya ba, wannan babban al'amari ne, kuma ɗan Montreal mai jin harsunan biyu shi ya fi cancanta ya tsaya a tsakiya. A shekarar aka kai wasan bikin Edinburgh.

Wata rana ciwon tsakuwar ƙoda ya kwantar da shi a asibiti. Wanda aka ajiye don ya maye gurbinsa idan ta ɓaci wani matashi ne, shi ma ɗan Montreal, William Shatner, wanda ya hau dandamali ba tare da cikakken atisaye ba, kuma ya burge. Faɗuwar wani tashin wani. Shatner ya zama Kyaftin Kirk na Star Trek, kuma bayan shekara 35, a 1991, su biyun suka sake haɗuwa a Star Trek VI, inda Plummer ya fito a matsayin Janar Chang, mayaƙi mai ido ɗaya da ke jefa wa abokin gabarsa baitocin Shakespeare a tsakiyar yaƙin sararin samaniya.

A 1957 aka buɗe gidan wasa na dindindin a madadin tanti, Plummer ya yi Hamlet a kakar farko. Sauran manyan rawa suka biyo baya: Macbeth da Cyrano a Stratford, Richard III da Sarki Henry na Biyu a wasan Becket a Ingila a 1961, wanda ya kawo masa lambar jaridar Evening Standard. A 1964 BBC ta nuna Hamlet da aka ɗauka a fadar Kronborg ta ƙasar Denmark, ainihin inda labarin ya faru, da Plummer a kan gaba, Michael Caine da Donald Sutherland suna ƙananan rawa. Kafin ya cika 35 ana lissafa shi cikin gwanayen wasan Shakespeare na zamaninsa.

Sai ga The Sound of Music.

Darakta Robert Wise ya so ɗan wasa mai kwarjini da zai fito a matsayin Kyaftin von Trapp, tsohon sojan ruwan Ostiriya wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya 7, yana tafiyar da gidansa da usur kamar bariki, har wata budurwa mai shirin zama 'yar zuhudu ta zo renon yaran ta dawo da waƙa cikin gidan, a daidai lokacin da Jamus ta Hitler ke haɗiye Ostiriya a 1938. Plummer bai yi ɗoki ba. Gani yake rawar ba ta da nama, labarin kuma zaƙinsa ya yi yawa, har sai da ya zauna da marubucin fim ɗin, Ernest Lehman, aka ƙara wa kyaftin ɗin kaifin baki da ɗan ɗaci. An ɗauki fim ɗin a Salzburg da Hollywood a 1964, ya fito a 1965, ya ci Oscar 5 har da ta fim mafi kyau, ya kuma ture Gone with the Wind daga matsayin fim ɗin da ya fi kawo kuɗi.

Akwai abin da miliyoyin masu kallo ba su sani ba tsawon shekaru. A wurin da kyaftin ya rungumi gita ya rera Edelweiss, waƙar farar furen duwatsu, fuskar ta Plummer ce amma muryar ta wani mawaƙi ce mai suna Bill Lee. Plummer ya koyi waƙoƙin, ya rera, an naɗa, daga baya masu fim suka ga muryarsa ba za ta jera da ta Julie Andrews ba, suka ɗora ta Lee. Mutumin da ya gina sana'arsa a kan murya, a fim ɗin da ya fi kowanne yaɗa sunansa aka aro masa ta wani.

Shekara da shekaru yana kushe fim ɗin a hira da 'yan jarida, yana jin haushin cewa duk Hamlet da Macbeth da ya yi, abin da ake tarar sa da shi a titi shi ne kyaftin mai usur. A nan bai yi wa kansa adalci ba. Duk wanda ya sake kallon fim ɗin zai ga cewa tsaurin nan nasa, da yadda fuskarsa ke saki a hankali lokacin da ya fara jin yaransa na waƙa, su ne gishirin da ya hana miyar zama ruwan sukari. Shi ma da girma ya zo ya sassauta. A littafin tarihin rayuwarsa, In Spite of Myself, na 2008, ya amince fim ɗin yana da kyau a irinsa, kuma zumuncinsa da Julie Andrews bai yanke ba har mutuwa. Sun sake fitowa tare a 2001 a wasan On Golden Pond da aka watsa kai tsaye a talabijin.

Shekarun da suka biyo bayan wannan suna sun zo da daɗi da ɗaci. Kanada ta ba shi babbar lambar girmamawarta a 1968. Ya yi Duke na Wellington a Waterloo na 1970, wanda aka ɗauka a Yukren da sojojin Tarayyar Sobiyet kusan 15,000 suna cika filin daga. Ya yi marubuci Rudyard Kipling a The Man Who Would Be King a 1975, ya yi Sherlock Holmes a Murder by Decree a 1979. A tsakaninsu akwai finafinai da dama da ba su kai darajarsa ba, waɗanda kuɗi ya kai shi. Giya kuma ta yi masa yawa, kamar yadda ta yi wa 'yan wasa da dama na tsararsa, kuma shi da kansa ya rubuta hakan ba ɓoye-ɓoye. Aurensa na farko da 'yar wasa Tammy Grimes ya mutu a 1960, na biyu da 'yar jarida Patricia Lewis ya mutu a 1967. 'Yarsa tilo, Amanda, da aka haifa a 1957, ta girma kusan ba ta san shi ba, kuma wannan gibi ne da babu lambar yabon da ta cike shi, ko da yake sun daidaita bayan ta girma. Wadda ta tsamo shi ita ce Elaine Taylor, 'yar wasa Baturiyar Ingila da ya aura a 1970. Ita ta tsaya masa har ya rage sha, kuma sun zauna tare fiye da shekara 50.

Duk lokacin da sinima ta gundure shi, dandamali yake komawa. Ya ci lambar Tony ta farko a 1974 da wasan Cyrano mai waƙoƙi, inda ya rera da muryarsa. A 1982 ya yi Iago, munafukin da ke hura wutar kishi a zuciyar ubangidansa, tare da James Earl Jones a matsayin Othello, kuma har yau ana ambaton wannan Iago cikin mafi kyau da aka gani a Amurka. A bikin Tony na shekarar an sa sunansa takara bai ci ba, Amanda kuwa ta ci da wasan Agnes of God. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wani ɓangaren aikinsa da ba a cika magana a kai ba shi ne na murya zalla, kuma nan ne horon rediyo ya fi bayyana. A 1987 gidan Radio-Canada ya fitar da The Man Who Planted Trees, fim na zane mai motsi na rabin awa, wanda Frédéric Back ya zana da fensir mai launi, zane bayan zane, daga wani labarin Jean Giono. Labarin wani makiyayi ne a busassun duwatsun kudancin Faransa, inda ƙauyuka suka watse rijiyoyi suka ƙafe. Kowane dare yakan zauna ya tsince 'ya'yan itace masu lafiya, da safe ya huda ƙasa da sandar ƙarfe ya binne su, shekara bayan shekara, ba wanda ya sa shi, har daji ya dawo, ƙoramu suka sake gudu. Babu hira tsakanin mutane, babu faɗa, mai ba da labari ne kaɗai daga farko har ƙarshe. Philippe Noiret ya karanta na Faransanci, Plummer na Turanci. Bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ya karanta shi a natse, kamar mai ba da shaidar abin da ya gani da idonsa, kuma wannan natsuwar ce ke sa mai kallo ya gaskata makiyayin. Fim ɗin ya ci Oscar a 1988.

Yara da yawa sun san muryar ba su san mai ita ba. Shi ne tantabara Henri a An American Tail na 1986, shi ne mai ba da labari a jerin Madeline, wanda ya kawo masa Emmy ta biyu a 1994, bayan ta The Moneychangers a 1977. A 2009 kamfanin Pixar ya ba shi Charles Muntz a fim ɗin Up, tsohon mai yawon bincike da aka ƙaryata, ya ƙare rayuwarsa a dazukan Kudancin Amurka yana farautar wani tsuntsu don ya wanke sunansa. A wurin cin abinci Muntz na tarbar baƙinsa da fara'a, sai zargi ya shige shi, kuma mai kallo na jin sauyin a muryar kafin ya gan shi a fuskar zanen.

Yawancin 'yan wasa kan fara ja da baya idan sun doshi 70. Plummer a lokacin kasuwarsa ta buɗe. A 1996 ya koma Stratford da Barrymore, wasan da kusan shi kaɗai ne a dandamali, yana kwaikwayon John Barrymore, gwanin da giya ta cinye, yana ƙoƙarin tuna kalmomin Richard III a 1942, dab da mutuwarsa. Plummer ya san wannan rami domin ya leƙa shi. Wasan ya je Broadway ya kawo masa Tony ta biyu a 1997. A 1999 ya yi ɗan jarida Mike Wallace a The Insider, labarin ma'aikacin da ya tona asirin kamfanonin taba, ƙungiyoyin masu sharhi suka ba shi lambobi amma Oscar ta tsallake shi. A 2002 ya yi Sarki Lear a Stratford, tsohon da ya raba mulkinsa tsakanin 'ya'yansa mata ya ƙare a cikin hadari ba matsuguni, a 2004 aka kai wasan New York.

Sai da ya kai 80 aka fara sa sunansa takarar Oscar, saboda rawar marubucin Rasha Leo Tolstoy a The Last Station. Bayan shekara biyu, ranar 26 ga Fabrairu 2012, ya ci da fim ɗin Beginners, wanda Mike Mills ya rubuta daga labarin mahaifinsa: dattijon da bayan rasuwar matarsa ya bayyana wa ɗansa cewa shi mai sha'awar jinsinsa ne, ba da daɗewa ba kuma cutar daji ta kama shi. Plummer na da shekara 82, ya zama ɗan wasa mafi tsufa da ya taɓa cin lambar, har Anthony Hopkins ya karɓe matsayin a 2021 yana da 83. Da ya hau dandamali ya dubi mutum-mutumin da ke hannunsa ya ce shekara biyu kacal ya girme shi, ya tambaye shi ina ya shiga duk tsawon rayuwarsa. Da wannan ya haɗa Oscar da Tony da Emmy a fagen wasa. A bazarar shekarar ya koma Stratford da A Word or Two, shi kaɗai a dandamali yana karanto littattafan da suka raine shi tun daga gidan Senneville.

Bai yi ritaya ba. Bayan Getty ya yi Harlan Thrombey a Knives Out na 2019, attajirin marubucin da mutuwarsa ta tona halin 'ya'yansa. Ya rasu ranar 5 ga Fabrairu 2021 a gidansa da ke Weston, jihar Connecticut ta Amurka, yana da shekara 91, sakamakon faɗuwar da ya yi ya bugu a kai, Elaine na gefensa. A shekarar hukumar gidan waya ta Kanada ta buga kan sarki mai hotonsa. A Disamba 2023 aka sake fitar da waƙoƙin The Sound of Music cikin wani babban kundi da ya haɗa da naɗe-naɗen da aka ajiye tun lokacin ɗaukar fim ɗin, kuma a ciki akwai Edelweiss da muryar Plummer kansa.